Daga Abalabi Zuwa Ɗakin Biki: Tarihin Mai Saka Kiɗa a Landan

Idan kana da ɗa ko ƙane a Landan wanda ke aikin ofis ko tuƙin bas daga Litinin zuwa Juma'a, amma daren Asabar ba a ganinsa sai gab da asuba, kuma ka ji ƙishin-ƙishin wai DJ yake yi, na san abin da ya fara faɗo maka a rai. A gida mai kiɗa maroƙi ne, maroƙi kuwa ana son waƙarsa amma ba kowa ke son ba shi 'ya ba. Balle a ce kiɗan ma ba a ƙofar sarki ake yinsa ba, a kulob ne, inda ake sayar da giya. Ni ma ina cikin masu wannan sana'a ta ƙarshen mako, shi ya sa nake so in ba ka tarihinta a wannan gari, don in za ka yi masa faɗa ka yi da sani. Abin ya girmi yaron, ya girme ka, kuma tun farkonsa ma'aikata ne ke tashi daga wani aikin su zo su yi shi.

Mu fara da wani Bayarabe ɗan Legas, Ambrose Campbell, wanda aka haifa a 1919. Aikin jirgin ruwa ne ya kawo shi Ingila lokacin yaƙin duniya na biyu. Ranar da aka yi murnar ƙarewar yaƙin a Turai, a watan Mayun 1945, shi da abokansa suka fito tsakiyar Landan da gangunansu, Turawa suka bi su ana ta rawa a titi. Daga nan ƙungiyarsa ta West African Rhythm Brothers ta samo asali. A shekarun 1950 sun samu wurin zama na dindindin a wani ɗan kulob mai suna Abalabi da ke titin Berwick a unguwar Soho, mallakar wani ɗan Najeriya, Ola Dosunmu. Nan ɗalibai da ma'aikatan jirgi da 'yan siyasar gobe na Afirka ta Yamma ke haɗuwa su ji kiɗan gida.

To me ya sa sai sun yi nasu wurin? Saboda a Ingilar wancan lokaci mai gidan rawa ko mashaya yana iya tsayawa a bakin ƙofa ya ce baƙar fata ba zai shiga ba, kuma babu dokar da ta hana shi. Sai a 1965 majalisa ta yi dokar farko da ta haramta irin wannan wariya a wuraren da jama'a ke shiga. Ka ga kenan wajen shekara ashirin bayan yaƙi baƙin mutum yana biyan haraji, yana share jirgin ƙasa, yana jinya a asibiti, amma daren Asabar sai dai ya nemi inda za a karɓe shi.

'Yan Jamaika ne suka fi kowa gane maganin abin, kuma duk wani DJ baƙar fata a Birtaniya, ko ya sani ko bai sani ba, jikansu ne. A Kingston sun saba da haɗa manyan akwatunan lasifika a fili, mutum ɗaya yana sauya faifan garmaho, jama'a na rawa. A 1954 wasu abokai biyu, Duke Vin da Count Suckle, suka ɓuya a cikin jirgin ruwa suka iso Ingila. Duke Vin ya samu aikin goge injinan jirgin ƙasa, a 1955 kuma ya haɗa kayan sautin da ake ɗauka su ne na farko irinsu a ƙasar. Lura da wannan fa: da rana yana cikin baƙin mai, da dare shi ne sarkin ɗaki. Count Suckle kuwa ya saka faifai a wani kulob na titin Carnaby, daga baya ya buɗe nasa a Paddington. Amma akasarin casun ba a kulob ake yinsa ba. A gidajen haya ne, a ɗakin ƙarƙashin ƙasa, a kwashe kujeru, a karɓi ɗan kuɗi a bakin ƙofa, a dafa shinkafa da naman akuya, a kwana. Maƙwabta su kira 'yan sanda, 'yan sanda su zo su watsa, mako mai zuwa a koma wani gidan.

Wannan al'ada ta casun cikin gida tana da tabonta. A ranar 18 ga Janairun 1981 wuta ta tashi a wani gida da ake bikin zagayowar ranar haihuwa a New Cross, kudancin Landan, matasa baƙar fata goma sha uku suka mutu. Shirun da hukuma da manyan jaridu suka yi ne ya fi ƙona ran iyaye, har dubban mutane suka yi zanga-zanga a watan Maris na shekarar. Har yau dattawan unguwar idan suka ga an cika ƙaramin gida da yara ana kiɗa, ƙofar fita suke fara dubawa. Ni ma a wurinsu na koyi haka, kuma kafin in jona waya ko ɗaya sai na san ta ina za a fita.

Bari in ɗan ratse in tuna maka da wani yaro da iyayensa suka turo Landan a 1958 da fatan ya zama likita, shi kuwa ya je ya shiga makarantar koyon kiɗa ta Trinity. Fela Kuti kenan. Ba wai ina cewa ɗanka Fela ne ba, Allah ya kiyaye maka hawan jini. Ina dai nuna maka cewa rigimar "mun turo ka karatu ka ɓige da kiɗa" ba a gidanku aka fara ta ba.

A 1964 Kenneth Kaunda ya buɗe Cibiyar Afirka a titin King da ke Covent Garden. Da rana lacca ake yi da muhawarar siyasa, 'yan gudun hijirar Afirka ta Kudu da marubuta suna ta kai da komo, da dare kuma zauren ya zama gidan rawa. A can ne cikin shekarun 1980 Jazzie B da tawagarsa ta Soul II Soul suka riƙa yin casun daren Lahadi, kafin waƙarsu Back to Life ta hau matsayi na ɗaya a Birtaniya a 1989. A daidai wannan lokaci gidajen rediyon sata, waɗanda ake kafa eriyarsu a saman dogayen benaye ba da lasisi ba, su ne makarantar DJ. Kiss FM a haka ta fara kafin ta fara aiki da lasisi a 1990, shekarar da Choice FM ta buɗe a Brixton.

Yanzu za ka ce to ina Hausawa a duk wannan labari? Gaskiya muna gefe. Namu da suka zo a waɗancan shekaru akasari ɗalibai ne da ma'aikatan gwamnati da aka turo kwas, sai 'yan sashen Hausa na BBC da aka buɗe a 1957. Ba zama suka zo yi ba, ƙafarsu ɗaya tana gida. Kiɗansu a kaset yake, a cikin akwati tare da kilishi da yaji: Shata, Ɗan Maraya Jos, Ɗanƙwairo. Kuma waɗannan waƙoƙi ne na zama, a kishingiɗa a falo ana shan shayi ana fassara habaici. Wanda ke son rawa sai ya saci jiki ya bi abokansa Yarabawa ko 'yan Gana, ya dawo ya yi gum. Bahaushe ɗan casu ya daɗe a Landan. Bahaushe mai saka kiɗa da sunansa a jikin takardar gayyata shi ne sabon abu.

Abubuwa biyu suka haife shi. Na farko iyali: da mutane suka fara zama, suka haifi 'ya'ya, 'ya'yan suka isa aure, sai aka buƙaci wanda zai yi kiɗan kamu da na dina, ga shi ba a iya ɗauko mai kalangu daga Kano don biki ɗaya. Na biyu na'ura. A da DJ sai ya mallaki garmaho biyu irin Technics SL-1200, wanda samfurinsa na 1979 ya zama abin yayi, ga akwatunan faifai masu karya baya, ga kuɗin motar ɗauka. A 2001 kamfanin Pioneer ya fito da CDJ-1000 mai juya faifan CD kamar garmaho, a 2004 manhajar Serato ta sa kwamfutar cinya ta ɗauke nauyin akwatunan gaba ɗaya. Daga nan ɗalibi mai ɗaki ɗaya zai iya koyo da abin saƙalawa a kunne ba tare da ya tashi maƙwabci ba. A gida kuma tun zamanin Sangaya finafinan Kano suka fara zubo waƙoƙin fiyano da ake iya takawa, daga baya su Ali Jita da Nura M. Inuwa da Umar M. Shareef da Ado Gwanja suka cika wayoyin mata. Ga kaya, ga kasuwa.

Sai dai kada ka ɗauka ƙofar kulob ta buɗe salin-alin. A 2005 'yan sandan Landan suka fito da wata takarda mai lamba 696, wadda mai shirya casu zai cike makonni biyu kafin ranar, ya rubuta sunan gaskiya da adireshi da lambar wayar duk DJ da mai riƙe makirfo. A farkonta har tambaya take yi wace ƙabila ce ake sa ran za ta halarta. An cire wannan tambayar bayan an yi ca, amma takardar ba ta mutu ba sai a Nuwamban 2017, zamanin magajin gari Sadiq Khan. Ka yi tunanin ɗalibin da ke kan bizar karatu, wanda ko a gida ba a san yana wannan harka ba, a ce ya miƙa sunansa na yanka ga 'yan sanda don zai saka waƙa awa biyu. Da yawa a nan suka haƙura suka koma kiɗan biki kaɗai.

A tsakiyar wannan ne kiɗan Legas da Akara ya fasa gari. A 2011 DJ Abrantee, ɗan asalin Gana, ya fara shirin Afrobeats a Choice FM. A 2012 Oliver Twist ta D'banj ta shiga cikin waƙoƙi goma na sama a Birtaniya. Yaran da a makaranta suke ɓoye cewa su 'yan Afirka ne, wasu har suna cewa daga Jamaika suke, sai ga su suna gasar rawar azonto. A 2020 aka buɗe wa kiɗan jadawalinsa na hukuma, a 2023 Burna Boy ya cika filin wasa na London Stadium. Wannan guguwa ce ta ba irinmu aiki a kulob, don ko kai ɗan Zariya ne, da zarar an ji Najeriya an ɗauka kiɗan a jininka yake.

Amma fa in gaya maka gaskiya, waƙar Hausa ba ta shiga wannan jirgi ba. A kulob ƙa'ida ita ce kada bugu ya yanke, waƙa ta narke cikin waƙa. Yawancin namu kuwa takunsu daban ne, akwai salon kalangu a ƙarƙashi wanda ba ya zama daidai a kan bugun Legas ko amapiano na Afirka ta Kudu, ga murya a sama can, ga ƙarancin ƙugi a ƙasa. In ka jefa ta da ƙarfe biyun dare, sai ka ga fili ya dare, an tafi sayen abin sha, mutum uku kacal suna tsalle suna nuna ka da yatsa. Waɗannan ukun namu ne, kuma a nan ne kowa ke gane kowa. Washegari a masallaci ko wajen taron ƙungiya sai a gaisa kamar ba a taɓa haɗuwa ba. Jaruma ta Hamisu Breaker, wadda ta yi tashe a 2020, tana cikin 'yan kaɗan da na ga waɗanda ba sa jin Hausa sun tsaya mata. Ita ma ta zo ne lokacin da korona ta rufe gidajen rawa, tun daga Maris na 2020 har 19 ga Yulin 2021 a Ingila, watanni goma sha shida da suka nuna wa kowa dalilin da ya sa ba a sakin aikin rana.

Game da giya da sauran abin da kake tsoro, ba zan yi maka ƙarya ba, suna nan, kuma na ga waɗanda dare ya cinye. Na kuma ga da yawa da ke kwana da kwalbar ruwa ko maltina a gefen na'ura, don mai maye ba ya iya haɗa waƙa biyu, kuma Litinin da safe akwai aiki. In azumi ya kama, yawancin namu rufe kwamfuta suke yi wata guda cur, mai kulob ya ba wani gurbin, wani lokaci ba ya dawowa. Kuɗin kuwa ba abin a-zo-a-gani ba ne in ka cire na tasi da na gyaran kaya. Kafin a fara jirgin ƙarƙashin ƙasa na dare a 2016, bas ɗin dare ne motar DJ, shi da masu shara da ma'aikatan jinya a kujera ɗaya, kowa na gyangyaɗi.

Ɗakin biki shi ne inda aikin ya fi wuya, kuma shi ne inda na fi so. A kulob mutane iri ɗaya kake yi wa kiɗa. A biki kuwa ga kaka da ta zo daga Katsina da bizar wata shida, ga ƙawayen amarya da aka haifa a Manchester, ga dangin ango 'yan zangon Kumasi, ga abokan aikinsa Turawa sun sha babbar riga. Dole ka san lokacin da za ka kashe komai a yi Magariba, ka san waƙar da ba a sakawa gaban surukai, ka ja waƙa ta yi tsawo in liƙi ya kankama, ka kuma sa ido kan na'urar da masu zauren suka maƙala a bango, wadda ke ɗauke wuta in ƙara ta wuce ƙima. Can wajen ƙarfe goma wata hajiya za ta taso ta dafa teburinka ta ce, "Ɗana, ba ka da Barmani ne?" Kana sakawa sai iyaye mata su miƙe, a ɗaure gyale a ƙugu, 'yan matan da ko gaisuwar kirki ba sa iya yi da Hausa su zagaye su da waya suna ɗauka, suna kama amshin a bakin iyayensu. Sha ɗaya da rabi mai gadin zauren zai fara kunna fitilu yana nuna maka agogo, kai kuma kana naɗe wayoyi, wata gwaggo tana tura maka ragowar waina da miyar taushe a roba, tana tambayarka ko ɗan gidan wane ne kai.