Yadda Jihohin Amurka Suka Shiga Tsakanin Likita da Kamfanin Inshora

A shekarar 1973 Shugaba Richard Nixon ya sanya hannu kan dokar da ta ƙarfafa kamfanonin HMO, waɗanda ke karɓar kuɗin inshora, su kuma ƙayyade likitan da majinyaci zai gani da jinyar da za su biya. Manufar ita ce rage tsada. Zuwa shekarun 1990 kuwa, likitoci na kokawa cewa wasu kwangiloli sun hana su gaya wa majinyaci hanyoyin jinyar da kamfani ba ya biya, ana kuma sallamar masu jego kwana ɗaya bayan haihuwa.

Da yake dokar McCarran-Ferguson ta 1945 ta bar wa jihohi kula da inshora, su suka fara motsawa. Jihohi da dama sun haramta sharaɗin rufe bakin likita. A 1997 Texas ta ba majinyata damar kai HMO ƙara idan ƙin biyan jinya ya cutar da su.

Sai dai dokar tarayya ta ERISA, ta 1974, ta taƙaita ikon jihohi kan inshorar da ma'aikata ke samu ta wurin aiki. A 2002 Kotun Ƙoli ta amince da dokar Illinois wadda ta ba likita mai zaman kansa damar sake duba hukuncin kamfani, amma a 2004, a shari'ar Aetna da Davila, ta ce ERISA ta rinjayi dokar Texas. Ma'aikacin da aka cutar na iya neman a biya kuɗin jinyar, ban da diyyar lahanin da ya same shi.