Mas'alar Kabisa da Gyaran Lissafin Taurari a Birnin Kano

Tun kafin Nasara su ci Kano a 1903 su kawo kalandarsu ta haraji da albashi, malaman cikin birni, daga Madabo har zuwa zaurukan da ke kewaye da Kasuwar Kurmi, suna riƙe da lissafin zamani iri biyu, na wata domin ibada, na Ajami kuwa domin sanin faɗuwar damina da shigowar ɗari. Saboda haka duk mai niyyar tsara wa mutanen ƙasar nan sabuwar kalanda da ƙa'idar kabisa tata, wajibi ne ya fara tantance wanne daga cikin biyun yake da lalurar gyara.

Na wata dai ba ya bukatarsa. Shekararsa kwana 354 ce da ɗoriyar sulusin yini da 'yan kai, shi ya sa ma'abota hisabi suka sanya kabisa 11 cikin kowace shekara 30, suna cika Zulhajji kwana talatin. Akwai kuma zagaye mai shekara takwas da kabisa uku, wanda jimlarsa kwana 2,835 ce, wato mako 405 cif, don haka ranar da shekara ta kama takan komo inda take; sai dai yakan zarce na farkon da kwana guda a duk shekara 120. Wannan saɓani bai taɓa ɓata wa kowa azumi ba, domin shari'a ta rataya hukunci a kan ganin jinjirin wata, kuma idan Sarkin Musulmi ya yi sanarwa, alƙalamin mai hisabi ya sarara. Ƙara wata guda domin a daidaita da damina kuwa, wato nasi'u, ƙofa ce da Suratut Tauba ta rufe.

Na Ajami shi ne abin dubawa. An kasa shekara zuwa manzilai 28, waɗanda jama'a ke kira taurari, kowanne da kwana 13, ya zama 364, aka ba manzilin Jabha kwana 14 domin a cika 365, sannan a ƙara yini ɗaya bayan kowace shekara huɗu. Wannan ita ce ƙa'idar Yuliyas Kaisar ta Rumawa, wadda ta iso mu ta hannun malaman Magrib, kuma tana da aibi ɓoyayye, domin ta fi shekarar rana ta haƙiƙa da kimanin minti 11, abin da ke taruwa ya zama kwana guda cikin shekara 128. Paparoma Giregori ya zubar da kwana 10 a 1582, ya kuma cire kabisa daga shekarun ƙarni in ba waɗanda 400 ke rabawa ba. Ajami bai bi shi ba, ga shi yau yana baya da kwana 13, a 2100 kuma zai zama 14.

Abin mamaki, wani Bature ɗan Ingila, Moses Cotsworth, ya kawo shawarar wata 13 masu kwana 28, wato lissafin malamanmu ne aka kifa shi, har kamfanin Kodak ya yi aiki da shi daga 1928 zuwa 1989. Amma shi ya fitar da kwanan da ya yi saura daga cikin mako ɗungum, alhali kwanan Jabha yana nan cikin jerin ranaku. Al'ummar da ke taruwa a Babban Masallaci kowane kwana bakwai ba za ta karɓi tsarin da zai tura Juma'a zuwa kwana na takwas ba, kuma a ganina wannan kaɗai ya isa hujjar watsi da shi.

Sauran mas'ala ta fi wuya, kuma ita ce masu tsari kan tsallake. Shekarar da yanayi ke bi kwana 365.2422 ce, wadda taurari ke bi kuwa 365.2564, ta yadda fitowar Surayya, wadda Bahaushe ke kira Kaza, takan jinkirta daga lokacin ruwa da kwana ɗaya cikin kimanin shekara 71. Ƙa'idar Kaisar ta faɗo tsakanin biyun, ba ta dace da ko ɗaya ba. Babu wata kabisa da za ta riƙe tauraro da damina a lokaci guda, dole mai tsari ya zaɓa. Kuma tun da manomi gero yake shukawa, damina ce ta cancanci a bi.

Idan an zaɓi haka, akwai ƙa'idar kabisa takwas cikin shekara 33, wadda ake jinginawa ga Umar Hayyam da abokan aikinsa da suka tsara wa Sarki Malik Shah kalandar Jalali a 1079, kuma ta ɗara ta Giregori daidaito. Duk da haka na fi karkata ga a ɗaure farkon kowane manzili a kan ranar da aka sani cikin kalandar Giregori, ya riƙa bin kabisarta, domin ita ce ke rataye a kowane shago, kuma kuskurenta bai wuce kwana ɗaya cikin shekara dubu uku ba. Ladan da za a biya shi ne sunaye su rabu da masu su sannu a hankali, har bayan shekara ɗari tara da wani abu kwanakin da ake kira Surayya su riga fitowar Kaza da manzili guda cur.