Yadda Jirgin Yaƙi Ya Koyi Sakin Bam

Ƴan ci-ranin Tasawa da Mayahi da suka taɓa zama Turabulus sun san Ain Zara da Tajura. To, a can ne aka fara jefo bam daga jirgin sama a fagen yaƙi, ranar 1 ga Nuwamba 1911. Wani hafsan Italiya, Giulio Gavotti, ya tashi da gurneti huɗu. Hannu ɗaya na riƙe da jirgi, ɗayan na wurgawa.

Da bama-bamai suka ƙara nauyi, sai aka koma rataye su a ƙarƙashin fiffike ko a tumbin jirgi, a saki, nauyinsu ya ja su ƙasa. Da haka aka yi Yaƙin Duniya na Biyu.

Jiragen jet ne suka tono matsalar. A irin gudunsu, iskar da ke bin fiffike kan ɗaga bam ta maka shi a jikin jirgin da ya sake shi. A watan Yunin 1973, yayin wani gwaji a Amurka, makami mai linzami Sparrow ya juya ya huda tankin man jirgin F-14 da ya sake shi, matuƙa biyu suka tsira da laima. A 1981 kuma, maratayin bam da jirgin F/A-18 ya yar ya bugi jirgin da ke biye da shi yana ɗaukar hoto, wuta ta kama shi.

Shi ya sa a yau ba a gaggawa. Maratayin kansa na ingiza bam da ƙarfin albarushi. Wajen gwaji kuma, akan fara da ɗan ƙaramin samfuri a cikin bututun iska da lissafin kwamfuta, sannan a tashi da bam ɗin siminti a sauko da shi ba a saki ba. Sai daga baya a saki, ana ƙara gudu kaɗan-kaɗan, kyamarori na kallo.

Jiragen Su-25 biyu da Nijar ta samu a 2013, da marasa matuƙi Bayraktar TB2 da suka iso daga Turkiyya a 2022, duk a ƙasashen waje aka yi musu wannan aiki.

Sai dai gwajin bai san wanda ke ƙasa ba, kuma nan ne abin ke ci mini rai. A Fabrairun 2015, wani jirgi ya saki bam a kan masu zaman makoki a Abadam, jihar Difa. Mutum fiye da 30 suka rasu.