Inuwar Giginya: Azarar Gaya a Tarihin Ginin Ƙasa

Hausawa kan ce inuwar giginya, na nesa ka sha ta. Ana yin wannan karin magana ne ga mutumin da alherinsa ke tsallake na kusa ya sauka a kan bare, amma wanda ya san tarihin gini a yammacin ƙasar Nijar yana iya yi masa wata fassara. Shekaru aru-aru magina suna rufe soraye da azara, wato itacen giginya da aka tsattsaga, kuma gidaje masu yawa a Dosso da Yamai da azarar yankin Gaya aka rufe su.

Garin Gaya yana bakin kogin Kwara a ƙasar Dandi, can kudancin jihar Dosso. Malanbil ta Jamhuriyar Benin tana tsallaken kogi, Kamba ta jihar Kebbi a Nijeriya kuwa tana gabas da shi. Babu yankin da ya kai wannan samun ruwan sama a duk faɗin Nijar, domin yakan kai milimita 800 a shekara. Nan ne kuma tsoffin kwaruruka biyu, Dallol Mawri da Dallol Foga, suke gangarowa zuwa kogi. A cikinsu ruwa ba ya da nisa a ƙarƙashin ƙasa, irin wurin da giginya take so ke nan, shi ya sa ta yi daji a can. Kyangawa da Dandawa da Hausawa sun daɗe da zama tare a yankin, fataken goro masu zuwa Gwanja sun riƙa ratsa shi, ga kuma cinikin gishirin Foga, wanda matafiyin nan Bajamushe Heinrich Barth ya ga yadda ake dafa shi a 1853. Kayan gini ma sun bi waɗannan hanyoyi na fatauci.

Ɗakin da talaka ya saba da shi a da shi ne zagayayyen bangon ƙasa mai jinkar ciyawa, wadda ke zubar da ruwan damina nan take. Soro kuwa, mai shimfiɗaɗɗen rufin ƙasa, gini ne na mai hali, kuma ba ya yiwuwa sai da itacen da zai ɗauki nauyin ƙasa shekara da shekaru. A nan giginya ta yi wa sauran itatuwa zarra. Gangar jikinta miƙaƙƙiya ce, ɓangarenta na waje yana da tauri ƙwarai, gara ba ta cinsa da sauƙi, kuma magina sun fi son namijin giginya saboda ya fi ƙwari. Idan an tashi bango da tubali, sai a jera azara a kai, a shimfiɗa zana ko ƙirare, a zuba kwaɓaɓɓiyar ƙasa a daddale. Daga nan a shafe da makuba, wadda ake samu daga ɓawon ƴaƴan ɗorawa, don kada ruwa ya ratsa, sannan a kafa indararo.

Sai dai azara tana da iyakarta. Idan tazarar bango da bango ta wuce kimanin mita biyu, takan lanƙwashe saboda nauyin rufi. Wannan iyaka ita ta tsara siffar ɗakunan da, shi ya sa mafi yawansu tsukakku ne. Ita ce kuma ta wasa basirar magina. Sun koyi gitta azara a kusurwoyi don rage faɗin da za a rufe, sun koyi ɗora wata a kan wata tana leƙowa daga bango, har suka kai ga bakan gizo: a ɗaɗɗaure gajerun azara, kowace ta ɗan ɗara ta ƙasanta, a lulluɓe su da ƙasa har baka biyu su haɗu a sama. Da wannan dabara Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina masallacin Juma'a na Zariya a ƙarni na 19. Duk wanda ya ɗaga kai a tsohon zaure ya ga daurin guga, to azara ce ke riƙe da shi a ɓoye cikin ƙasa.

Zamanin Faransa ya kawo wasu kayan gini. Hanyar jirgin ƙasa daga Kwatano ta isa Paraku a 1936, daga nan motoci suke ɗaukar kaya zuwa bakin kogi. A 1958 aka gina gadar da ta haɗa Gaya da Malanbil, aka ƙara ta biyu a ƙarshen shekarun 1980. Gadar ta zama babbar ƙofar Nijar zuwa teku, ta kanta siminti da kwanon rufi da rodi suka riƙa shigowa. Kwano yana da zafi da bazara, yana da ƙara da damina, amma ya hutar da maigida yaɓen kowace shekara, saboda haka mutane suka karɓe shi.

Duk da haka neman azara bai ragu ba, domin birane suna ta faɗaɗa, kuma ba kowa ke da kuɗin kwano ba. Sara ya yi yawa, ga farin 1973 da na 1984, ga noma da kiwo suna cin ƙananan giginyu, ga ƴaƴan da ake kwashewa domin muruci. Dajin ya soma ja da baya. A shekarun 1990 aka soma damƙa kula da shi ga mutanen ƙauyukan da ke kewaye, da tallafin ƙasar Suwizalan, bisa fahimtar cewa wanda yake da rabo a cikin itace shi zai tsare shi.

Fadar Zarmakwai ta Dosso, wadda aka gina a 1904, ta shiga jerin wuraren da Nijar ta gabatar wa hukumar UNESCO a 2006. Soron malami da zauren bafatake ba su da irin wannan gata, idan sun rushe sai a share wurin a kafa bulo. A nan malaman makaranta da ƙungiyoyin al'adu suke da aiki: su kai ɗalibai ga tsofaffin magina, a rubuta sunan kowane sashe na rufi da yadda ake ɗaura shi, a auna sorayen da suka rage, a ɗauki hotunansu. Sannan a shuka giginya. Takan yi shekaru gommai kafin ta isa sara, wanda ya shuka ta da wuya ya rufe ɗaki da ita, jikansa ne zai samu.