Rikicin Wa Da Ƙani: Labarin Adidas Da Puma

'Yar uwa, in kin taɓa zagayawa layin masu takalma a kasuwa don saya wa yara takalmin makaranta ko na ƙwallo, ba shakka kin ga wani mai zane uku a gefe, kin kuma ga wani mai hoton dabba dangin damisa tana tsalle. Na farkon shi ne Adidas, na biyun Puma. Abin da mutane da yawa ba su sani ba shi ne, waɗanda suka kafa kamfanonin nan biyu uwa ɗaya uba ɗaya suke, wa da ƙani, kuma har suka bar duniya ba su shirya ba. Saurara ki ji yadda aka yi.

A kudancin ƙasar Jamus akwai wani ɗan ƙaramin gari mai suna Herzogenaurach, kogin Aurach ya ratsa tsakiyarsa. A nan aka haifi Rudolf Dassler a 1898, sannan ƙaninsa Adolf, wanda ake kira Adi, a 1900. Ubansu ma'aikaci ne a masana'antar takalmi, uwarsu kuwa wankau take yi a gida. Bayan yaƙin duniya na farko, a ɗakin wankin uwar tasu Adi ya fara ɗinka takalman wasanni da 'yan tarkacen fata da ya samu. A 1924 wansa ya shigo, suka kafa kamfani da sunan 'yan uwan biyu.

Halinsu ya bambanta ƙwarai. Adi mutum ne shiru-shiru, hankalinsa na kan aiki, kullum yana tunanin yadda takalmi zai ƙara sauƙi a ƙafa. Shi kuwa Rudolf mai baki ne, ya iya jan ciniki, ya iya shiga mutane. Kin ga ke nan an dace: ɗaya na yi, ɗaya na sayarwa. Hannu ɗaya ai ba ya ɗaukar jinka. Sunansu ya ƙara fita duniya lokacin wasannin Olamfik na Balin a 1936, inda baƙar fatar nan na Amurka, Jesse Owens, wanda ya ci lambar zinariya huɗu, ya yi amfani da takalminsu.

To, ina aka samu matsala? Iyalan biyu gida ɗaya suke zaune, ga iyaye, ga 'ya'ya, ga facaloli biyu, Käthe matar Adi da Friedl matar Rudolf, waɗanda jininsu bai haɗu ba. Su kansu mazan kowa na ganin shi ne ginshiƙin kamfanin. Sai ga yaƙin duniya na biyu. Dukansu sun shiga jam'iyyar Hitila tun 1933, amma a 1943 aka ɗauki Rudolf aikin soja, Adi kuwa aka bar shi yana kula da masana'anta. Wannan ya tsaya wa wan a rai. Ana ba da labarin cewa wani dare jiragen yaƙi suna ruwan bama-bamai, Adi da matarsa suka shiga ramin ɓuya suka tarar da iyalin Rudolf a ciki, sai Adi ya yi wata baƙar magana wadda ya ce da masu jiragen yake, shi kuwa Rudolf ya ɗauka da shi da iyalinsa ake. Da yaƙi ya ƙare, sojojin Amurka suka tsare Rudolf kusan shekara guda, ya kuma sa a ransa ƙaninsa ne ya kai ƙararsa. Daga nan zama ya gagara.

A 1948 suka raba komai, injuna, gine-gine da ma'aikata. Yawancin masu aikin hannu suka zauna da Adi, masu talla da ciniki suka bi Rudolf ƙetaren kogi. Rudolf ya fara sa wa kamfaninsa suna Ruda, daga baya ya mai da shi Puma. Adi ya haɗa sunansa da farkon sunan gidansu, ya yi rajistar Adidas a 1949. Garin ma sai ya rabu biyu. Kowane ɓangare da mahautansa da masu burodinsa da ƙungiyar ƙwallonsa, auratayya ma ta yi wuya. Har aka yi wa garin laƙabi da garin masu sunkuyar da kai, domin kafin mutum ya gaisa da kai sai ya dubi takalmin ƙafarka ya ga na wane gida ne.

A zagayen farko ƙanin ne ya yi gaba. Rudolf ya ɓata da Sepp Herberger, kocin ƙungiyar ƙwallon Jamus ta Yamma, sai Adi ya jawo shi jiki. A wasan ƙarshe na cin kofin duniya na 1954 a birnin Bern, aka wuni ana ruwa, fili ya zama taɓo. Takalman Adi suna da ƙusoshi a ƙasa da ake kwancewa a ɗaura wasu, sai aka ɗaura dogaye masu kama ƙasa. Jamus ta ci Hungari 3 da 2, alhali kowa ya ɗauka Hungari ce za ta ɗauki kofin. Duniya ta ga zane uku a ƙafar zakaru, ciniki ya buɗe. Abu biyu ne suka yi aiki a nan: ingancin kaya da iya zama da mutane.

Gaba ta gangaro kan 'ya'ya. Horst ɗan Adi da Armin ɗan Rudolf sun yi yarjejeniya cewa ba wanda zai nemi Pele na Birazil ya yi masa talla, don kada su yi ta tsuga kuɗi suna cutar juna. Amma a gasar 1970 a Meziko, ana shirin take wasa, sai Pele ya nemi alƙali ya dakata, ya durƙusa yana ɗaure igiyar takalmi, kyamarori suka hasko Puma, duniya ta gani. Alkawari ya karye, wuta ta ƙara ruruwa. Rudolf ya mutu a 1974, Adi a 1978. Maƙabarta ɗaya aka binne su, amma wannan a wancan bango, wancan a wannan.

Hausawa suka ce sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Suna can suna kallon juna ta ƙetaren kogi, a Amurka wani saurayi mai suna Phil Knight da kocinsa na gudu Bill Bowerman suka fara sayar da takalman Japan a 1964, Knight na tallarsu a bayan motarsa a filayen wasa. A 1971 suka fito da sunan Nike. Abin da zai ba ki dariya, Bowerman tandar matarsa ya ɗauka, irin wadda Turawa ke gasa wata waina mai gida-gida, ya zuba narkakkiyar roba a ciki, da haka ya samo tafin takalmi marar nauyi mai kama ƙasa. A shekarun 1970 Amurkawa maza da mata suka tsiri gudun motsa jiki da safe. Manyan Jamus suka raina abin, su dai hankalinsu na kan zakarun fili. Nike ta ɗinka wa waɗannan talakawan takalmi. A 1984 kuma matashin ɗan ƙwallon kwando Michael Jordan, wanda Adidas yake so a ransa, bai sami tayin kirki daga gare su ba, Nike ta ɗauke shi, takalmin da aka yi da sunansa ya fito a 1985 ya zama abin rububi. Ɗan hakin da ka raina shi ke tsone maka ido.

Käthe ta riƙe Adidas bayan mijinta har ta rasu a 1984, Horst ya bi ta a 1987. Kamfanonin biyu suka shiga halin ƙaƙa-ni-ka-yi. A 1989 'ya'yan Rudolf suka sayar da kasonsu na Puma, a 1990 kuma 'ya'yan Adi mata suka sayar da Adidas ga wani attajirin Faransa, Bernard Tapie. Baƙi ne suka farfaɗo da su daga 1993, Robert Louis-Dreyfus a Adidas, Jochen Zeitz a Puma. A ranar 21 ga Satumba 2009 ma'aikatan kamfanonin biyu suka buga wasan ƙwallo na zumunci a cakuɗe, shekara sittin da ɗoriya bayan rabuwa. Amma ina, bakin alƙalami ya riga ya bushe: Nike ce kan gaba a duniya, Adidas na biye, kuma dukiyar ta bar hannun gidan Dassler.

Uwargida, wannan labari na Turawa ne, amma ko mai sayar da ƙuli-ƙuli a zaure tana da abin ɗauka. Gasa ba laifi ba ce, ita ta sa kowane ɗayansu ya yi ta gyara kayansa. Inda suka yi kuskure shi ne da suka mai da ido kan abokin gaba suka manta da mai saye. In maƙwabciyarki ta fara irin sana'arki, kada ki ɓata lokaci kina ƙirga masu shiga gidanta. Tambayi masu sayen naki me suke so, ki gyara hannu, ki saki fuska, ki cika mudu. In kuma da 'yar uwa ko facala kuke haɗin jari, ku fayyace na kowa tun farko, maganar da ba ki gane ba ki nemi bayani kafin ki ƙulla ta a zuci. Wa da ƙanin nan sun cika duniya da takalma, amma ɗan kogin da ke tsakaninsu ya gagare su ƙetarewa. Zumunta a ƙafa take.