Uwayen Ma'aikatan Kakuri

A 1957, zamanin Sardauna Ahmadu Bello, aka buɗe masaƙar KTL a Kakuri, kudu da kogin Kaduna. Masaƙun Arewa Textiles da UNTL suka biyo baya. Samari suka yi ta kwararowa daga ƙauyuka, yawancinsu gwauraye.

Mata masu abinci ne suka riƙe su, a rumfunan bakin ƙofar masaƙa: tuwo da miyar kuka, shinkafa da wake. Kowa "Mama" yake ce wa mai rumfa. Takan ba da bashi har ƙarshen wata, wanda zazzaɓi ya kwantar ta aika masa kunu. Ba a cika ambaton matan nan a tarihin masaƙun ba, kuma ba a kyauta musu ba.

Da KTL ta rufe a 2002, ma'aikata suka yi shekara da shekaru suna jiran haƙƙinsu, cinikin rumfunan kuma ya durƙushe.