Yadda sulhu ya dawo cikin shari'ar yara a Jigawa

A Basirka da sauran garuruwan Gwaram da Birnin Kudu, idan yaro ya kwance akuyar maƙwabci ko ya ɗebi riɗin wani a gona, tun fil azal ba kotu ake fara nufa ba. Zauren mai unguwa ake zuwa, a shimfiɗa tabarma, uban yaron ya zauna kai a sunkuye, a ƙiyasta ɓarna ya biya, yaro ya durƙusa ya nemi gafara. In abin ya faskara sai a wuce gaban dagaci, sannan hakimi. Fiƙihun Malikiyya ne ginshiƙin wannan: ba a tsayar da haddi kan wanda bai balaga ba, amma dukiyar da ya lalata sai an biya.

Turawa sun zo da wani tunani daban, na raba yaro da gida domin a gyara shi. Dokar yara ta 1943 da aka fara a Legas ta iso Jihar Arewa a 1958, ta 1962 kuma ta tanadi gidajen horon matasa irin na Kakuri a Kaduna. Shekara da shekaru irin waɗannan na tarayya uku ne kacal, a Kaduna da Ilorin da Abeokuta, shi ya sa ɗan ƙauye kan ƙare a kurkukun manya, ya fito idonsa ya ƙara buɗewa. Dokar haƙƙin yara ta 2003 ce ta juya akalar, ta ba 'yan sanda da masu gabatar da ƙara damar kashe maganar ƙaramin laifi da sasantawa da biyan diyya. Sai dai kowace jiha sai ta yi tata, Jigawa kuwa sai a Disamban 2021 Gwamna Badaru Abubakar ya sa wa dokar kare yara hannu.

Masu suka suna cewa sulhu na mai ƙarfi ne: ɗan mai hali ya biya ya tafi, kuma da sunan rufin asiri ake binne fyaɗe. Gaskiya suka faɗa, kuma wannan zalunci ne. Amma dokar 2003 ita kanta ta taƙaita sasantawa ga ƙananan laifuka. Fyaɗe da kisa na alƙali ne. Abin da zaure yake buƙata shi ne a rubuta abin da aka yanke, a tabbatar wanda aka cuta ya yarda ba tare da an tursasa shi ba, jami'in walwala kuma ya riƙa bibiyar yaron har ya koma makaranta ko sana'a.